Sanarwar da Ba a Gyara Ba

A hukumar ruwa ta garin, a hawa na biyu, can ƙarshen baranda kusa da banɗaki, akwai wani ofis mai taga ɗaya da ake ce wa sashen yaɗa labarai. A nan wani mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa har furfura ta cim masa. Waƙafi ake kiransa. Ba shi ne sunan da iyayensa suka raɗa masa ba, amma ya bi shi ya manne, har an taɓa aiko masa da takardar gayyatar taro an rubuta Malam Waƙafi, ya karɓa ya je ya zauna abinsa.

Aikinsa rubutu ne. In bututu ya fashe a wata unguwa, shi zai rubuta sanarwa. In za a ɗauke ruwa don a wanke tanki, shi ne. Jawabin Darakta, amsar ƙorafin da aka buga a jarida, da 'yar mujallar ma'aikata da ke fitowa in an ga dama, duk daga teburinsa suke tashi. Sai dai kafin su isa inda za su je sun bi ta hannaye da yawa, kuma abin da ke isa can sau tari shi kansa ba ya gane shi.

Mahaifinsa direban motar haya ne, mutum mai tsadar magana. Mahaifiyarsa kuwa in ta kama labari sai abinci ya huce a gaban mutane ba su sani ba. Ita ya gado. A makaranta malamin harshe yakan ɗauki rubutunsa ya karanta wa aji. Akwai ranar da ya rubuta yadda ruwan sama ya kayar da katangar gidansu, kaji suka watse, mahaifinsa ya fito da singileti yana bin su cikin taɓo. Aji ya yi dariya a daidai inda yake so a yi dariya, ya yi tsit a inda yake so a yi tsit. Ranar ya koma gida kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Saboda haka da kawunsa ya samo masa gurbi a hukumar ruwa, aka kuma ce aikin rubutu ne, sai ya ɗauka abin da aka haife shi ya yi ke nan.

Shugabar sashen a lokacin wata gajeriyar mata ce mai tabarau da igiya a wuya. Ba ta ɗaga murya, ba ta gaggawa, kuma aljihun teburinta cike yake da biro ja. A bayan idonta Jar Biro ake ce mata. Ta sani, ko a jikinta.

A makonsa na farko babban bututun da ke kusa da kasuwa ya fashe. Ba wanda ya aike shi, amma ya tashi ya je ya gani da idonsa. Ya ga titi ya zama kogi, yara suna iyo a ciki, wani mai shago yana ta kinkimar buhunan sukari yana ɗorawa a kan tebur yana zage-zage, mata kuma suna kamfatar ruwan da bokiti tun kafin a rufe. Ya dawo wandonsa a jiƙe har gwiwa, ya zauna ya cika shafi biyu. Da ya karanta wa kansa sai ya ji ya burge kansa. Ya kai mata.

Ta karanta ba ta ɗago ba. Biron dai yana ta tafiya.

“Kai ne sabon?”

“Ni ne, ranki ya daɗe.”

“Wa ya mutu?”

“Ba wanda ya mutu.”

“To mene ne na wannan dogon kuka? Mutum so yake ya san yaushe ruwa zai dawo. Ina ka faɗa masa?”

Ya miƙa yatsa ya nuna mata, can ƙasan shafi na biyu.

“Kafin ya kai nan ƙishirwa ta kashe shi,” in ji ta. Sai ta koma jimlar farko, ta riƙa ɗora bakin biro a kan kowace alama tana faɗa a fili. “Waƙafi. Waƙafi. Waƙafi. Ga wani waƙafin. Bawan Allah, a makarantarku ba a koya muku aya ba ne?”

Mai buga tafireta da ke gefe ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Kafin a tashi aiki sunan ya sauka ƙasa, ya kai har wurin masu gadi.

Ya karɓi takardarsa. Daga shafi biyu, abin da ya tsira bai fi tafin hannu ba. Ya wuce banɗaki ya kulle ƙofa, ya tsaya da takardar a hannu, kunnuwansa suna zafi kamar an mare shi. Ya daɗe a ciki har wani ya fara bubbuga ƙofa. A wancan zamanin abu yana taɓa shi, kuma in ya taɓa shi yakan kwana da shi.

Lokacin bai daɗe da aure ba. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti, shi da kowa Nas suke ce mata, mace mai faɗin abu yadda yake. Da ya nuna mata takardar ta ɗaga ta a haske ta ce, “Wannan ai kamar haɗarin mota aka yi a kai.” Ta fara dariya, ta ga fuskarsa, ta haɗiye. Ta zauna ta karanta nasa, ta karanta abin da aka bari.

“Faɗi gaskiya,” ya ce.

“Naka ya fi daɗi. Nata ya fi amfani.”

Bai sake yi mata magana ba sai washegari.

Shekarun farko yaƙi ya yi. Kowace takarda ta dawo ja sai ya ɗauke ta ya koma ya tsaya a gaban teburin Jar Biro yana kare kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kare 'ya'yansa a gaban alƙali. Ita kuwa sai ta bar shi ya gama, ta ce, “Ka gama? To je ka buga yadda na gyara.” Wani lokaci in ya huce yakan ga tana da gaskiya, wannan kuwa ya fi ƙona masa rai. Wani lokaci kuma ya san sarai ba ta da ita, sabo ne kawai ya sa hannunta ba ya iya barin takarda ta wuce fara.

Sau ɗaya ya yi nasara. An ɗauke wa rabin gari ruwa ba tare da gargaɗi ba, ya rubuta a sanarwar cewa hukuma tana ba jama'a haƙuri. Ta soke, ta ce hukuma sanarwa take yi, ba ta roƙo. Ya kafe. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, har ta cire tabarau ta murza ido ta ce, “Bar shi, tunda a kansa za ka mutu.” Da rana ya sauka kantin ma'aikata ya zauna kusa da rediyo yana jira. Mai karanta sanarwa ya zo kanta tsakanin tallar sabulu da kiɗa, yana sauri kamar ana bin sa. Ya faɗi unguwanni, ya faɗi ranar da ruwa zai dawo, ya tsallake layin haƙurin ya wuce. Ba wanda ya lura. Waƙafi ya ƙarasa shayinsa ya hau sama.

Daga nan ya ɓullo da wata dabara. Ya riƙa rubuta kowane abu sau biyu, ɗaya yadda ransa ke so ya jefa a aljihun tebur, ɗaya yadda ya san za a karɓa. Ya yi haka na ɗan lokaci. Sai yara suka zo, aiki ya ƙaru, aljihun ya cika, wata rana mai shara ta tambaya ko a kwashe ya ce a kwashe. Ya koma rubuta na biyun kaɗai. Ya san hannun Jar Biro har ya zama tun kafin ya sa kalma a takarda yana jin inda biron zai bi ta kanta, sai ya fasa sa ta. Jan ya ragu, amma bai taɓa ƙarewa ba. Ba za a iya nuna wata rana a ce ga ranar da abin ya daina yi masa zafi ba. Shi dai ya wayi gari ya ga ana miƙo masa takarda a yanke, yana cewa “To,” yana komawa ya buga, zuciyarsa kuma shiru.

Abokinsa ɗaya ne a duk hukumar, kuma ba ɗan ofis ba ne. Shugaban masu gyaran bututu ne, wani ƙato mai faɗin kafaɗa da ake kira Sufana, don ba a taɓa ganin aljihun bayansa ba sufana a ciki ba. A kantin suka saba. Sufana ba ya cin albasa, kullum sai ya tsince ta tsaf ya tura a farantin Waƙafi ba tare da ya tambaya ba. Yana shigowa da taɓo har ƙugu zai buɗe murya.

“Malam marubuci! Yau wace ƙarya ka shirga a kanmu? Na ji a rediyo wai nan ba da jimawa ba. Zo ka leƙa ramin ka ga ba da jimawa ba!”

Yana kiwon tantabaru a bayan gidansa, kowace da sunanta, yana kuma rera waƙa da murya mai kama da jan ƙarfe a kan siminti. Duk girmansa tsoron allura yake kamar me. Ya taɓa yankewa a hannu aka kai shi asibitin su Nas, tana fito da sirinji ya zube a ƙasa sumamme, sai da mutum uku suka ɗaga shi. Da ya farfaɗo abin da ya fara cewa shi ne, “Matar ƙanena, don Allah kar yarana su ji.” Ta rufa masa asiri a wurin yaransa na aiki, amma a gida ta yi shekaru tana ba da labarin.

Jar Biro ta yi ritaya. Aka kwashe tafiretoci aka kawo kwamfuta. Waƙafi ya zaci zai sha iska, ashe da sauran aiki. Da can mutum ɗaya ke gyara shi, yanzu kuwa takarda ɗaya za ta zaga ta wurin lauyan hukuma, da mataimakin Darakta, da duk wanda aka sa sunansa a saƙon, kowa ya bar ra'ayinsa a gefe da kalarsa. Wannan ya ce a cire, wancan ya ce a mayar. Har akanta ya taɓa gyara masa nahawu, kuma gyaran kuskure ne.

Sabon shugaban sashen yaro ne a kansa, ya dawo daga wani kwas a ƙasar waje, ba ya jimla biyu bai ce “a kwas ɗinmu” ba, don haka aka sa masa Ɗan Kwas. Ba mugu ba ne. Yana girmama Waƙafi, Baba yake ce masa, yakan ma tashi ya ba shi kujera. Wata rana ya jawo kujera kusa da shi, ya juyo da fuskar kwamfuta.

“Baba, kar ka ji haushi, amma rubutun nan ba rai. Kamar takardar da ke cikin kwalin magani. A kwas ɗinmu an ce mutane labarin mutane suke so. Ka sa masa ɗumi mana. Ka fita ka gani, ka ba mu abin da ka gani.”

Waƙafi ya dube shi. Akwai abin da za a iya faɗa, mai tsawo, amma bai ga inda zai kama shi ba.

“To,” ya ce.

Ya gwada kuwa. Ya zauna ya sa hannu a kan madannai yana jiran abin nan da yake zuwa masa da can ba ya kira. Bai zo ba. Da ƙyar ya haɗa wata doguwar jimla a kan wata tsohuwa da ya gani tana jiran ruwa a bakin famfo, ya karanta, ya ji kamar ya sa rigar wani. Da hannunsa ya goge ta. Daga baya suka sami yadda za su zauna lafiya: shi ya rubuta a bushe, Ɗan Kwas ya zuba “abokan hulɗarmu masu daraja” da alamomin motsin rai, lauya ya kwashe, mataimakin Darakta ya mayar da rabi, takarda ta dawo wa Waƙafi. Shi kuma ya bi gyare-gyaren yana danna karɓa, karɓa, karɓa, sau da yawa bai ma karanta ba.

A gida ma maganarsa ta ragu. Mutumin da a da yakan dawo ya kwaikwayi tafiyar Darakta har yara su faɗi don dariya, yanzu sai ya cire takalmi ya zauna gaban talabijin.

“Yaya ofis, Abban yara?”

“Lafiya.”

“An gyara?”

“An gyara.”

Nas takan tsaya ta dube shi irin duban da take wa majinyacin da ya ce ba abin da ke damunsa, sannan ta wuce kicin.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, yana hawa matattakala ya haɗu da direban Darakta yana saukowa a guje. Shi ya faɗa masa. Ramin da ake haƙa a titin tashar jirgin ƙasa ya rufta, Sufana yana ciki. Yaransa sun tono shi da hannuwansu, amma kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Waƙafi ya ƙarasa hawa. Ya buɗe ofis, ya rataye jakarsa inda ya saba, ya kunna kwamfuta. Can sai ga Ɗan Kwas ya shigo idonsa jawur.

“Baba, ka ji ko? Darakta yana son sanarwa kafin 'yan jarida su iso. Na san abokinka ne. In ba za ka iya ba, ni zan rubuta.”

“Zan iya.”

Ya rubuta ba tare da ya tsaya ba. Ya san ba za a ce rami ya rufta ba, lauya zai cire. Ya san ba za a ambaci katakon tokare da Sufana ya daɗe yana mitar ba a kawo ba. Ya san tantabaru da waƙa da albasa ba su da wuri a takardar hukuma. Bai ma rubuta su ya goge ba, hannunsa ne ya kewaye su da kansa, kamar yadda direban da ya san hanya ke kauce wa ramuka bai duba ba. Ya rubuta cewa hukuma tana baƙin cikin sanar da rasuwar ɗaya daga cikin ma'aikatanta, ya sa cikakken suna da muƙami, ya ce ya rasu ne a bakin aiki, ya ce marigayin mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana, hukuma tana miƙa ta'aziyya ga iyalansa kuma ta kafa kwamiti. Ya tura.

Ba a jima ba ta dawo. Ya buɗe yana neman kaloli a gefe, bai ga ko ɗaya ba. Lauya ya rubuta, “Ya yi.” Mataimakin Darakta ya rubuta, “Madalla, a fitar.” Ɗan Kwas ya leƙo ta kan kafaɗarsa ya ce, “Kai! Tunda na zo gidan nan ban taɓa ganin takarda ta wuce lauya ba tabo ba. Baba, ka ciri tuta.” Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya sunkuyar da kai ya fita.

Ita ce takarda ta farko a duk rayuwarsa ta aiki da ba wanda ya taɓa ko harafi a cikinta. Da rana ya sauka kantin, ya zauna a inda suka saba zama, aka kawo abinci ya cinye tas. Bai ji daɗinsa ba, bai kuma ji rashin daɗinsa ba.

Bayan 'yan kwanaki, da mutane suka ragu, suka je gidan shi da Nas. Ƙaramin gida ne mai ɗaki biyu. Takalman aikin Sufana suna nan a bakin ƙofa da busasshen taɓo a jikinsu, daga baya kuma ana jin kukan tantabaru. Matar marigayin tana zaune a kan tabarma, idanunta sun kumbura har ba ta iya buɗe su sosai. Bayan an gaisa ta laluba ƙarƙashin matashi ta jawo jarida a ninke.

“Ya ce kai kake rubuta duk abin da hukuma ke faɗa,” ta ce. “Kullum yana cewa, wata rana ƙanen nan nawa zai sa ni a jarida. An ce ga shi an sa. Idona ba ya gani yanzu. Karanta mini, da bakinka.”

Ya karɓa ya karanta. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Kafin ta gyara zama ya kai ƙarshe.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

“To, an gode. An ce sun rubuta sunansa daidai.” Ta karɓi jaridar ta ninke ta mayar inda take.

A motar komawa Nas ta yi ta kuka. Can ta tuno ranar allura, ta fara ba da labarin cikin hawaye, dariya ta ƙwace mata, kukan ya sake dawowa, har mutanen mota suna waiwaye. Shi yana kallon taga, shaguna suna wucewa.

“Kai ba ka da abin cewa?” ta tambaye shi.

“Mutumin kirki ne. Mai riƙon amana.”

Ta share ido ta dube shi. “Wannan ma a takardar yake.”

Ya jira baƙin cikin ya zo. Ya san yana bisa hanya, kamar yadda ake sanin baƙon da ya yi alkawari. Wata safiyar hutu ya ɗauki takarda ya zauna a tsakar gida da niyyar rubuta Sufana yadda yake, ba don kowa ba. Ya rubuta “Marigayin ya kasance,” ya tsaya. Rana ta matso ta same shi a wurin, ya ja kujera inuwa, daga baya ya tashi ya je ya gyara makullin ƙofar da ya daɗe yana kakarewa.

A cikin wannan shekarar ce Auta, ƙaramar 'yarsu da ke ajin ƙarshe na sakandare, ta zo ta tsaya a gefensa tana murza gefen mayafinta. An sa gasar rubutu a makarantarsu, ta rubuta a kan kakarta, mahaifiyarsa, da yadda take ba da labari. Ta miƙa masa da hannu biyu.

“Abba, ka duba mini.”

Ya ciro biro daga aljihu. Bai yi niyyar komai ba. Ya ga jimla ta yi tsawo ya datse, ya ga an maimaita ya soke, ya ga sakin layi guda a kan yadda tsohuwar ke tsayawa a tsakiyar labari ta nemi abin sakace ya ja masa layi daga sama har ƙasa. Cikin ɗan lokaci ya gama ya miƙa mata.

Ta juya shafin farko, ta juya na biyu. “Abba, ai ba abin da ya rage.”

“Abin da ya rage shi ne maganar.”

Ta ce “To,” ta shige ɗaki ta turo ƙofa a hankali. Nas, wadda ke tsaye a bakin kicin da ludayi a hannu, ta ƙaraso.

“Ka san abin da ka yi kuwa?”

“Gyara na yi mata.”

“Ba gyara ta kawo maka ba. Kawo maka ta yi ka karanta. Labarin uwarka ne fa, Abban yara. Ka ma san abin da ke ciki?”

Ya yi ƙoƙari ya tuna. Ya tuna inda jimloli suka yi tsawo, amma abin da suke faɗa bai zauna masa ba. Ya san ya kamata wani wuri a ƙirjinsa ya yi ciwo, ya ma san daidai wurin, sai dai in ya taɓa sai ya ji kamar leɓen da likitan haƙori ya yi wa allurar kashe zafi. Daga baya ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar ya ce ta yi haƙuri, ta ce ba komai. Ta sake kwafe nata yadda yake ta kai makaranta. Bai ji yadda gasar ta ƙare ba, ita kuma ba ta sake nuna masa rubutu ba.

Ba a daɗe ba ya nemi a mayar da shi teburin ƙorafi da ke ƙasa, kusa da ƙofar shiga, wurin da ake tura mutum in ana so a hora shi. Ɗan Kwas ya yi ta lallashi. “Baba, wa zai riƙe mana sashen? Yanzu fa da hannunka ya faɗa!” Waƙafi ya ce gwiwarsa ce ba ta son matattakala. Sashen ma'aikata suka dawo masa da takardar neman canjin don ya gyara kalma ɗaya, ya gyara, aka amince.

Can yake har yanzu, ritaya ta kusa. Tebur ne na ƙarfe da fanka a sama da benci biyu a gaba. Mutane suna shigowa a fusace, su yi masa ihu a kan ruwan da bai zo ba, ko wanda ya zo ya ƙi tsayawa. Ba ya musu, ba ya kare hukuma. Ya saurara, ya rubuta unguwa da abin da ya faru cikin kalma biyu ko uku, ya tura ciki. Abokan aiki suna mamakin haƙurinsa, wasu har suna cewa a yi koyi da shi. Auta ta tafi jami'a tana karatun haɗa magunguna. In ta kira uwarta sukan daɗe, a ƙarshe ta ce a gaida Abba, ya ce yana amsawa.

Kwanan baya wata mata mai jiki ta shigo da gorar roba, ta dangwarar a kan teburinsa. Ruwan ciki ja ne kamar shayi. Ta fara da famfonta, ta gangara kan mijinta mai ciwon ƙoda, ta koma kan maƙwabciyarta da ta haɗa bututu ta bayan gida ta kuma rantse ba ita ba ce, daga nan ta shiga labarin fararen zannuwan gado da ta wanke wa 'yarta suka fito kamar an rina. Mutanen benci suka fara tsaki. Wani ya ce, “Baiwar Allah, ki taƙaita mana!” Ta juya ta wanke shi tas, ta dawo daidai inda ta tsaya. Waƙafi bai katse ta ba. Da ta gama ta tura masa gorar.

“Buɗe ka sansana, malam. Kar ka ce na faɗa ne kawai.”

Ya buɗe ya sansana. Warin tsatsa ne da taɓo. Ya rufe, ya manna wa gorar takarda ya aika ɗakin gwaji.

Da yamma suna cin abinci, ba wanda ya tambaye shi, sai ya ce, “Yau wata mata ta zo da ruwa a gora.” Ya faɗi kalar ruwan. Ya faɗi zannuwan gadon, da yadda ta juya ta wanke mutumin benci, har ya ɗan kwaikwayi yadda ta riƙe ƙugu. Nas ta ajiye cokali a hankali, ba ta ko motsa ba. Ya kai kan maƙwabciya mai bututu, sai maganar ta tsinke masa. Ya dubi farantinsa.

“Sai me ya faru?” ta ce.

“Sai ta tafi,” in ji shi, ya miƙa hannu ya jawo kofin ruwa.